Gidan Bature da Bature Bai Daɗe a Cikinsa Ba

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon fili a jaridarka mai farin jini. Na san wasiƙar nan ta wuce ƙa'ida, na kuma san almakashinku ba ya jin kunyar furfura. In dole sai an rage, a rage inda na yi surutun tsufa, amma don Allah a bar mini mutanen da ke cikinta.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne rahoton da kuka buga kwanakin baya a kan tafkunan kuza da ke cin yara da dabbobi tsakanin Bukuru da Barikin Ladi. Wakilinku ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa. Sai dai a cikin hotunan da ya ɗauko akwai wani ɗan gidan dutse mai bututun hayaƙi, kwanon rufinsa ya yi ja wur da tsatsa, aka rubuta a ƙasansa wai kangon gidan Turawan kuza. Jikata ce ta nuna mini a waya. Na karɓa na sa tabarau, na yi ta kallon hoton har shayina ya huce. Ranka ya daɗe, a bayan wannan gida aka binne cibiyata. Kuma da mutane a cikinsa yanzu haka. Da wakilinku ya zagaya ta baya, da ya tarar da shanyar kayan yara a kan igiya da tukunya a kan wuta.

Ban ga laifinsa ba. Mu kanmu Gidan Bature muke ce masa tun muna yara, har gobe in ka tsayar da ɗan acaɓa a bakin titi haka za ka faɗa ya kai ka. Amma na zauna na yi lissafi. Gidan ya doshi shekara ɗari, Turawa biyu ne kacal suka zauna a cikinsa, kuma in ka haɗa zamansu duka bai cika shekara goma ba. Sauran shekarun nan wasu ne suka share shi, suka toshe yoyonsa, suka haihu suka mutu a ciki, kuma babu takardar da ta san da su.

Gidan ba wani babba ba ne. Ɗaki biyu ne da falo, sai baranda mai kallon gabas. Bangon na dutse ne da aka fasa a tsaunin da ke bayansa, kaurinsa ya kai kamu guda, shi ya sa ko da rana tsaka ka shiga sai ka nemi mayafi. A falon akwai murhun jin ɗumi a cikin bango, hayaƙinsa na fita ta bututun nan da kuka gani a hoto. Wanda bai taɓa kwana a ƙauyen Filato a watan Disamba ba zai ɗauka ado ne. Madafa tana waje, da ɗan rufaffen lungu da ya haɗa ta da gidan don kada ruwan sama ya faɗa a miyar Bature. Can baya kuma ɗakuna uku ne a jere, na boyi da kuku da mai gadi, ƙanana ƙwarai, in dogo ya miƙe ƙafa sai ta taɓa ƙofa. Mu a nan muka tashi.

Abu ɗaya ne ya girmi gidan, shingen ƙerana da ya tare shi ta arewa. Duk wanda ya san ƙauyukan Berom ya san da ƙerana suke kewaye gida da gona. Kafin a aza dutse ɗaya a wurin, gonar acca ce ta wani gidan Berom, kuma zuriyar mai gonar suna nan, maƙwabtanmu ne na tsawon rai. Da kamfani ya karɓi filin, abin da aka danƙa wa kakansu 'yan sulalla ne na amfanin gonar. Da gangan na fara da wannan, domin mu Hausawan bariki in muna ba da tarihi mukan soma daga ranar da kakanninmu suka sauke kaya, kamar dā can wurin ba shi da mai shi.

Shi kakana kuza ce ta kawo shi, kamar kakan kusan kowane Bahaushe da ke Bukuru ko Dorowa ko Bisichi ko Gindin Akwati. Kuma a daina cewa Turawa ne suka gano kuza. Tun kafin zuwansu maƙeran Ririwai suna narka ta, suna zuba ta siri-siri kamar tsinken tsintsiya, fatake na yawo da ita kasuwa-kasuwa. Waɗannan tsinkayen ne Turawan kamfanin Neja suka gani suka bi sawu, har a 1902 suka turo masu bincike, daga baya Kanar Laws ya kafa sansaninsa a Naraguta. A lokacin babu titi babu jirgi, a ka ake ɗaukar kuza har Loko a bakin Binuwai. Kakana ɗan alaro ne a wannan hanya. Ya baro ƙauyensu a ƙasar Kano da niyyar cin rani ɗaya, ya haɗa kuɗin haraji ya koma. Da ƙaramin jirgin ƙasa na Zariya ya iso Bukuru a 1914, alaro ya mutu, sai ya koma lebura a bakin rami yana jidar ƙasa a kwano. Cin ranin nan bai ƙare ba har aka kai shi maƙabartar bariki.

A bakinsa na ji cewa an gina gidan ne jim kaɗan bayan babban jirgi ya iso Jos ta Kafanchan a 1927, don kwanon rufin ma a jirgin ya zo. Yana cikin waɗanda suka ɗauko dutsen. Bature na farko da ya shiga gwauro ne, mai duba ramukan wannan yanki, kullum da lofe a baki. Abin da Kaka ya riƙe game da shi bai wuce biyu ba: yana da kare da ake dafa wa nama alhali leburori na cin gāyan tuwo, kuma ba ya iya barci sai an hura masa murhun nan ko da bazara. Bai yi shekara huɗu ba kasuwar duniya ta faɗi. A 1931 ƙasashen da ke da kuza, har da Najeriya da Malaya da Bolibiya, suka yi yarjejeniyar rage haƙa don farashi ya ɗaga. A kan takarda dabara ce, a bariki kuwa sallama ce. Aka rufe ramuka, aka watsa leburori, mai lofe ya tattara akwatunansa. Da zai tafi ya miƙa wa Kaka mabuɗi ya ce ya yi gadi kafin ya dawo. Bai dawo ba.

Wajen shekara goma gidan na rufe, Kaka na gadin kujeru da jemagu. Bai taɓa kwana a ciki ba ko sau ɗaya, ko da daren da sanyi ke fasa leɓe. Na taɓa tambayarsa dalili ina yaro, ya dube ni kamar na yi saɓo, ya ce, "Kai, amana ake kwana a kai?"

Yaƙin Hitila ne ya sake buɗe ƙofar. Da Japan ta ƙwace Malaya a farkon 1942, Ingila ta rasa babbar rijiyar kuzarta, sai ido ya dawo kan Filato. Aka kafa dokar aikin tilas, wadda mutanenmu suka sa wa suna diban gwamna. Hakimai da dagatai aka ɗora wa adadi, su kuma suka riƙa kamo talakawa daga ƙasashen Sakkwato da Katsina da Kano da Zazzau da Bauci har da Binuwai, ana turo su aikin watanni. A 1943 kuzar da aka fitar ta haura tan dubu 17, abin da ba a taɓa yi ba kuma ba a sake ba. Wannan adadin yana cikin littattafai. Ga kuma abin da Kaka mace ta gani daga ƙofar madafar gidan nan, inda take sayar da tuwo da kunu. Mutum ya taso daga zafin Sakkwato da 'yar taguwa ɗaya, a sauke shi a tudun da ya haura mita 1,200, a sa shi cikin ruwan wankin kuza tun asuba, ya kwana a bukkar ciyawa da ke yoyo. Ciwon haƙarƙari ya riƙa ɗibarsu. Ta ce akwai safiyar da aka wanke gawa uku a bakin rafin da ke ƙasan gidan, kuma ba wanda ya san sunan garin ko ɗaya daga cikinsu balle a aika. Sai a 1944 aka soke dokar.

A wannan zamanin Bature na biyu ya zauna, shi da matarsa. Mahaifina, yana ɗan saurayi, shi ne boyinsu, daga baya ya zama kuku. Matar ce ta shuka fiyar nan biyu da har yanzu ke 'ya'ya, da wardi da ya daɗe da mutuwa. Baba ya ce mace ce mai yawan kuka, ba ta son wurin, takan zauna a baranda ta ƙura wa hanya ido. Wata rana ta kwashe barguna huɗu na gidan ta ba shi ya kai wa marasa lafiya a bukkoki, mijin ya dawo ya yi ta faɗa har da fasa faranti. Ban kawo wannan don in wanke kowa ba, bargo huɗu me zai yi wa ɗaruruwan mutane? Na kawo ne saboda Baba bai taɓa ba da labarin diban gwamna ya tsallake shi ba. A wurinta ya koyi gasa burodi a tukunyar ƙarfe, kuma har ya tsufa in ya so ya burge baƙo sai ya yi masa. Ana gama yaƙi suka tafi. Ka ga ƙarshen zaman Turawa a Gidan Bature ke nan.

Dalili kuwa, kamfanoni sun gina wa Turawansu manyan gidaje a wajen Rayfield da Bukuru, kusa da kulob da filin wasansu, ga wutar lantarki ta kamfanin NESCO da ake jawowa daga Kurra, wutar da mutanen Bukuru suka daɗe suna yi wa 'yan Jos gori da ita. Wa zai zauna a daji? Sai aka ba akawun bariki gidan.

Akawun nan ɗan ƙabilar Ibo ne, kuma a wurina shi ne mai gidan na sosai, don shi na buɗe ido na gani a baranda. Ya shigo ne daidai lokacin da kolombait ta yi tashe, farkon shekarun 1950, da Amurka ke saye tana tarawa saboda yaƙin Koriya. Baƙin yashin da dā ake zubarwa bayan an tace kuza, shi ya koma dukiya, har aka koma ana tone tsofaffin juji. Bariki ya cika ya batse. Ranar biya, akawu zai fito da tebur baranda da littafinsa da akwatin kuɗi, helma, wato shugaban leburori, na kiran suna, leburori sun yi layi har bakin ƙerana, daga gefe kuma masu bin bashi na jira: mai tuwo, mai goro, mahauci, da masu abin da ba a faɗa a jarida. Baba ya bar kuku tunda akawu matarsa ke masa girki, ya shiga aikin rami har ya zama helma, amma muka ci gaba da zama a ɗakunan baya saboda Kaka na nan a matsayin mai gadi. Inna takan ce an haife ni shekara guda kafin a rufe ƙaramin jirgin Zariya, shi kuwa an rufe shi a 1957, da haka na san shekaruna.

Matar akawu Madam muke ce mata. Tana da keken ɗinki Singer na ƙafa a kusurwar falo, ita ke ɗinka wa matan bariki riguna da Sallah, ta ɗinka wa matan Berom da Kirsimeti. Hausarta ta fi ta wasu Hausawan daɗi, in ban da ta kasa raba "shi" da "ita". Ita da Inna sun yi zaman da ko 'yan uwa sai haka. Inna ta koya mata dambu da fura, ita ta koya wa Inna wanke shuwaka har ɗacin ya fita. Babban ɗanta sa'ana ne. Da safe ni in tafi makarantar allo shi ya tafi ta mishan, da yamma mu haɗu a gindin fiya, ya koya mini abacada da gawayi a jikin tankin ruwa, ni in koya masa harbin kurciya da danƙo. Shekara talatin da biyar da na yi ina koyarwa a firamare, daga jikin tankin nan ta faro.

Sai 1966. Ina da shekara goma. Ba zan yi kwana-kwana ba, Edita: a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba na wannan shekara an kashe Ibo a Jos da Bukuru da barikokin kuza, kuma cikin waɗanda suka yi akwai masu jin yaren da nake rubuta wannan wasiƙa da shi. Labari ya iso barikinmu da la'asar. Baba ya shigar da akawu da iyalinsa ɗakinmu na baya, ya ja tabarma ya zauna a ƙofa da carbinsa kamar mai shan iska. Mutane sun zo, sun leƙa babban gida suka ga wayam, suka tambaye shi, ya ce ai tun safe suka gudu. Ni ina ciki, abokina na riƙe da hannuna, ina jin yadda yake rawa.

Da dare ya raba, maƙwabcinmu Berom, jikan mai gonar accan nan, lokacin yana magidanci matashi, ya zo ta cikin ƙerana. Shi ya san hanyar ƙafa da ke bi ta bayan tafkuna ta ɓulle kusa da tashar jirgi ba tare da an taka titi ba. Shi a gaba, su a tsakiya, Baba a baya da ƙaramar 'yarsu a kafaɗa. Kafin su fita Madam ta kama hannun Inna ta sa mata mabuɗin gidan, ta nuna falo ta ce, "Maman yara, keke na." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Inna ta sa aka ɗauko keken aka kai ƙuryar ɗakinta, ta lulluɓe shi da tsohon zane. Duk ranar Juma'a sai ta buɗe ta ɗiga masa man gyaɗa, tunda ba ta da man keke, ta juya ƙafar sau biyu ta mayar. An zo saye ba sau ɗaya ba. Akwai shekarar da Baba ya kwanta ciwo, gidan ba ko ƙwayar hatsi, Gwaggo ta ce a sayar mana, masu shi ai Allah kaɗai ya san ko suna raye. Inna ta ce to in sun mutu sai su zo su faɗa mata da bakinsu.

Yaƙin basasa ya ƙare a Janairun 1970. Bayan damina ta wuce, wata ranar kasuwa, sai ga wani mutum a bakin ƙerana da 'yar jaka, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Sai da ya yi magana Baba ya gane shi. Aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa, aka yi ta gaisuwa ana zagaye abin da kowa ke son tambaya. Ni ne na kasa haƙuri na ce, "Baba akawu, ina abokina?" Ya dube ni, ya girgiza kai. Yunwa ce, ba harsashi ba. Madam na nan da rai da sauran yara biyu. Ya gaya wa Baba cewa duk abin da ya tara, fam 20 aka ba shi bayan yaƙi, kamar yadda aka yi wa kowa a can. Da Inna ta yaye zanen nan ya ga keken na ƙyalli, ya taka ya ji yana juyawa, sai ya durƙusa ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin babban mutum na kuka haka ba. Kwana biyu ya yi, a ɗakinmu na baya, ya ƙi ko leƙa falon. Mabuɗin kuwa ya ce Inna ta riƙe.

Bayansa an yi 'yan zaman wucin gadi: wani makanike Bayarabe ɗan Ogbomosho da ya cika baranda da baƙin mai, sai wani malamin asibiti da bai shekara ba. Kuza ta riga ta fara ja da baya. Ta saman ƙasa ta ƙare, wadda ta rage tana ƙarƙashin dutse mai tsadar fasawa, ga kuɗin man fetur ya janye hankalin gwamnati da na leburori. Dokar mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa ta 1972 ta zo, aka kafa hukumar haƙar ma'adinai ta ƙasa a Jos a shekarar, Turawa suka riƙa zamewa ɗaya bayan ɗaya. Wajen lokacin da aka canza kuɗi zuwa naira a 1973, wani manaja ya ce da Baba da baki, ba takarda, ya shiga babban gida kada ya lalace.

Shigarmu abin dariya ce. Shekara arba'in da wani abu gidanmu na gadin ƙofar nan, ranar da aka ce mu shiga Inna ta ce ita ba za ta iya barci a ɗakin da taga ta kai ƙofa girma ba. Sai da aka toshe rabin tagar da kwali. Bahon wankan Bature ya koma wurin jiƙa masara. Murhun falo kuwa ya ga abin da bai taɓa gani ba: da hunturu mukan kewaye shi mu goma sha, ana gasa dankalin Turawa da masara, Baba na ba da labarin mai lofe da karensa. A falon aka ɗaura auren ƙannena mata biyu, a nan aka yi sunan ɗana na fari, a nan kuma aka yi wa Baba wanka. Ya rasu ba da daɗewa ba bayan kasuwar kuza ta rushe a Landan a Oktoban 1985. Kamfanin da ya yi wa aiki tun yana saurayi ya narke kamar gishiri a ruwa, haƙƙinsa na sallama har yau muna jira.

Mu 'ya'ya duk muka dawo gari, Inna ta ƙi. Shekara ashirin da biyar ta yi a gidan, daga ita sai jikokin da muke aika mata. In ana maganar wanda ya fi kowa daɗewa a cikin babban gidan, ita ce, matar da ba ta taɓa rubuta sunanta ba. Maƙwabcin nan namu, wanda yanzu kowa ke ce wa Da saboda girma, shi ke noma lambun, su raba dankali da kabeji. Matan Fulani daga rugar bayan tsauni na sauke ƙwarya a barandarta su huta. Rikicin Satumban 2001 ya zo ya wuce tana nan, na Nuwamban 2008 ma haka. Na Janairun 2010 ne ya fi ƙarfinmu, don ya shiga ƙauyuka da barikoki, Hausawan barikinmu suka watse ba saura. Shi Da da kansa ya kira ni a waya ya ce, "Malam, zo ka ɗauki Mama. Yaran yanzu ba sa jin maganata." Da muka zo tafiya, Inna ta kwance mabuɗin daga bakin zanenta ta ba shi. Mabuɗin nan dai na mai lofe, wanda ya bi ta hannun Kaka da Madam. Ta rasu a Jos bayan shekara uku, kullum tana tambaya ko fiya ta yi 'ya'ya.

Yanzu ɗan Da ne a ciki da matarsa da yara biyar, su ne masu shanyar da na faɗa. Ɗaki guda an cika shi da irin dankali. Ba zan ɓoye maka ba, akwai magana a ƙasa. 'Ya'yan Da na cewa ƙasar kakansu ce ta dawo gida. Ƙannena na cewa gidan ubanmu ne, wahalar shekara tamanin ta saya mana. Ga kuma wani mai mota da ya ɓullo bara da takarda, wai ya sayi filin daga hannun waɗanda suka gaji kadarorin kamfani, yana so ya rushe ya yanka fuloti. Ni na gaya wa ƙannena ba da ni ba, wanda ya raka mutane cikin dare a 1966 ba zan tsaya da shi gaban alƙali a kan dutse ba. Sun ce na cika sanyi. Wataƙila.

Mai rushe gidan ma ba sai ya wahala ba. Kuza ta sake yin kuɗi, samari sun koma haƙar loto, rami kamar rijiya sannan a bi ta ƙarƙashin ƙasa. Wani ramin bai fi taku talatin daga madafa ba, bangon yamma ya tsage har hannu na shiga. Gwamnatin jiha ta dakatar da haƙa na wani lokaci a farkon 2025, amma yunwa ba ta karanta sanarwa.

To ga roƙona. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, yana da kayan aikin kuza da kan tsohon jirgin nan na Zariya, kuma na sha kai ɗalibaina su gani. Ko shahararren kan mutum-mutumin Nok da aka kai wa Fagg a wajen 1943, wani ma'aikacin kuza ne ya ɗauke shi daga rami ya kafa a gonar doyarsa yana korar tsuntsaye, sunan Fagg kowa ya sani, na mai gonar fa? Irin gidan nan namu suna nan warwatse daga Naraguta har Gana Ropp, kowanne da jerin mutanen da suka zauna a ciki. Ban ce a mayar da su duka gidan tarihi ba, na san aljihun gwamnati. Ina roƙon hukumar kula da gidajen tarihi da malaman tarihi na Jami'ar Jos su tura ɗalibai da na'urar ɗaukar murya, a auna gidajen, a ɗauki hoto, a zauna da tsofaffi a rubuta wa ya zauna bayan wa. Takardun kamfanoni da na Razdan suna ma'ajiyar tarihi ta Kaduna, ba inda za su. Masu labarin baka ne ke tafiya, bara kaɗai na je jana'izar uku.

Kai kuma, ranka ya daɗe, ka sake turo wakilin nan naka. Ni zan raka shi, kuɗin mota ma na ɗauka. Ya zo ranar Asabar da hantsi, lokacin Da na zaune a baranda yana shan rana. Ya haura tasa'in, kunnensa na hagu kaɗai ke ji, don haka a zauna masa ta wannan gefen. Hausarsa garau take, kuma har yanzu yana iya nuna inda hanyar bayan tafkuna ta bi. Yaron ya taho da rigar sanyi, kada ya ga rana a Jos ya ruɗu. In ya tambaya a hankali, za a nuna masa mabuɗin, yana rataye a ƙusa a gefen murhu, ko da yake kubar ta daɗe da lalacewa, da ƙaramin kwaɗo ake rufe ƙofar yanzu.

Na gode. Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin firamare mai ritaya,
Gangare, Jos.